Honda CB750 da ke nauyi tsakanin juyi 3,500 da 5,000: daga ina za a fara gyara?

Tambaya: Ina da Honda CB750 ƙirar 1973 mai silinda huɗu. Wanda na saya a hannunsa ya cire akwatin iska, ya ɗaura wa kowane kafireto ƙaramar matatar iska tasa, ya kuma sa salansar da bututu huɗu ke haɗewa su zama ɗaya, babu komai a cikinta. Babur yana tashi lafiya, kuma idan juyi ya wuce 6,000 a minti yana gudu sosai. Amma tsakanin 3,500 da 5,000 idan na murɗa totur sai ya yi nauyi, wani lokaci har da tari. An sa mini babban jet (ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireto) lamba 130, ba abin da ya sauya sai shan mai. Yanzu ana ba ni shawara in sa kam (sandar da ke buɗe bawul) na tsere da manyan kafireto. Me ya kamata in yi?

Amsa: Malam, ka dakata da sayen kam da kafireto tukuna. Waɗannan biyun za su ƙara maka gudu ne a saman juyi, inda ba ka da ƙorafi, su ƙara zurfafa ramin da kake kuka da shi a tsakiya. Ƙarfin tsakiya yana samuwa ne idan silinda ta cika da iska da mai a lokacin da fistin ba ya sauri sosai, kuma abin da ke cika ta a wannan lokaci shi ne saurin iskar da ke bi ta cikin kafireto da ramin bawul. Hanya mai faɗi tana wuce iska da yawa a juyi 8,000, amma a 4,000 iskar tana tafiya a sanyaye, ba ta jan mai da kyau daga jet, ba ta kuma da nauyin da za ta ci gaba da dannawa cikin silinda kafin bawul ya rufe. Kafireton Keihin mai faɗin milimita 28 da Honda ta sa wa wannan inji ya ishi silinda mai cc 184, har da ragowa. Duk gyaran da wanda ya sayar maka ya yi, ɓangaren sama ya fifita.

Kafin a taɓa komai ka samu ma'auni, domin jiki yana ruɗin mahayi: salansa mai ƙara takan sa mutum ya ji kamar babur ya ƙara ƙarfi alhali raguwa ya yi. Nemi miƙaƙƙiyar kwalta marar cunkoso, inji ya yi zafi, ka shiga giya ta biyar a kan kilomita 70, ka buɗe totur gaba ɗaya har zuwa 120, wani ya riƙe maka agogo ko ka ɗaura waya ta ɗauki mita. Yi sau uku zuwa, sau uku dawowa saboda iska da gangara, ka rubuta matsakaicin daƙiƙun. Bayan kowane gyara guda ɗaya ka maimaita. Guda ɗaya na ce. Wanda ya sauya jet da allurar kafireto da taimin (lokacin da fulogi ke ba da wuta) a rana ɗaya, ko babur ya gyaru bai san abin da ya gyara shi ba, in ya lalace kuma bai san inda zai koma ba.

A wannan gwajin ka lura da allurar juyi. Idan ta yi tsalle gudu bai ƙaru daidai da ita ba, kuloci ne ke zamewa, kuma yakan fara zamewa ne a giya ta sama lokacin da aka danna wa inji kaya, har mutum ya ɗauka inji ne ba ƙarfi. Baƙin mai na mota mai sinadarin rage goga yana jawo haka, saboda kulocin wannan babur a cikin mai yake. Nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan. Ka kuma ɗaga gaba ka juya taya da hannu. Hannun da ke riƙe da burkin gaba na CB750 yana juyawa ne a kan ƙarfe, yakan yi tsatsa ya cije, burki ya riƙa shafar faifai kullum.

Sai lafiyar injin kansa. Auna matsin silinda inji na da zafi, an cire fulogi duka huɗu, totur a buɗe har ƙarshe. Lafiyayyen inji yana ba da kusan kilo 12 a kan santimita murabba'i, wato wajen psi 170. Geji mai doguwar tiyo yakan nuna ƙasa da haka a kan ƙananan silinda, don haka abin da ya fi muhimmanci shi ne kada tazarar da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni ta wuce kashi 10 cikin 100. Wadda ta yi ƙasa, zuba mata cokalin shayi na baƙin mai ta ramin fulogi ka sake aunawa. In ta tashi sosai, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne ba ya zama. Inji mai yoyon matsi yana shan wuya a ƙasa da tsakiya fiye da sama, domin a juyi kaɗan iskar tana da lokacin sulalewa. Babu jet da zai maye gurbin wannan.

Bawul ana saita shi inji na da sanyi: na shiga milimita 0.05, na fita 0.08. Buɗe murfin kwantak a dama, juya karanshaf har alamar T ta 1.4 (wato ta silinda 1 da 4) ta zo daidai, silinda ta 1 na kan matsi (za ka ji roka biyunta suna wasa). A nan za ka saita duka biyu na ta 1, da na fita na ta 2, da na shiga na ta 3. Juya cikakken zagaye ɗaya, ka saita duka biyu na ta 4, da na fita na ta 3, da na shiga na ta 2. Bawul da aka matse fiye da ƙima yana daɗewa a buɗe, yana zubar da matsi, na fita kuma ƙonewa zai yi. Daga nan ka wuce alamar T ɗin da digiri 15, ka sassauta noti da sukurun abin ɗame sarƙar kam da ke bayan silinda, sifirin zai tura da kansa, ka mayar ka ɗaure. Sarƙar da ta saki tana sa kam ya makara, makarar kam kuma ƙarfin ƙasa da tsakiya take ci.

Wuta tana gaba da kafireto a jerin aiki, kuma nan ne da yawa ke tsallakewa. Kwantak biyu ne, ɗaya na silinda 1 da 4, ɗaya na 2 da 3. Tazarar bakin kowane milimita 0.3 zuwa 0.4. Saita na 1.4 a kan alamar F ta hanyar juya babban faranti, sannan na 2.3 da ƙaramin farantinsa. Amma F ta silo ce kawai, wato lokacin da inji ke aiki ba a murɗa totur ba. Kai da kake ƙorafi a juyi 4,000, abin da ya shafe ka shi ne layuka biyun nan da ke gaba da F, na cikakken gabatar da wuta. Haɗa fitilar taimin, ɗaga juyi a hankali: alamar ta riƙa tafiya sumul, ta tsaya tsakanin layukan biyu wajen juyi 2,500 zuwa 3,000, ta kuma tsaya cak ba rawa. Duba ɓangarorin biyu, domin sau da yawa 1.4 na daidai, 2.3 ta kauce da digiri uku ko huɗu, inji ya zama kamar biyu ne aka haɗa ba su jitu ba.

Idan alamar ba ta kai layukan ba, cire na'urar gabatar da wutar da ke bayan faranti. Nauyi biyu ne da sifirin biyu da ɗan kam da ke juyawa a kan sanda. Tsohon giris yakan bushe ya riƙe shi, wuta ta zauna a makare, inji ya yi zafi, ya yi kasala, bututun salansa su canza launi. Yi wa ɗan kam ɗin alama kafin ka zare shi, saboda yana shiga ta fuska biyu kuma ɗaya ce daidai. Wanke, shafa giris kaɗan, mayar. In kuma sifirin sun saki, wuta tana gabata tun juyi bai kai ba, silo ya riƙa maƙalewa a sama, inji ya riƙa ƙarar ƙwanƙwasa idan aka ja shi daga ƙasa. Kada ka ƙara taimin ya wuce layukan da nufin neman ƙarfi, musamman da fetur da ba ka da tabbacin ingancinsa a lokacin zafi; ramin da ake gani a kan fistin daga nan yake farawa.

Fulogi NGK D8EA, tazara 0.6 zuwa 0.7. Kwance hular kowane fulogi ka auna ta da mita. Irin NGK da aka saba sawa ohm 5,000 ne, wadda ta haura sosai ko ta ƙi nuna komai a jefar. Yanke santimita ɗaya daga bakin wayar kafin ka murɗa sabuwa. Auna kuma wutar da ke isa kwayil da makulli a kunne, ka gwada da ta batir. Wutar tana bi ta fiyus da makulli da maɓallin kashewa na hannu, duk sun haura shekara hamsin, kuma asarar da ta wuce bolt ɗaya tana raunana tartsatsi daidai lokacin da silinda ta cika, wato lokacin da ka murɗa totur. Goge mahaɗai ko sa rile. In za ka koma wutar lantarki marar kwantak irin Dyna S, ka sani da tsohuwar na'urar gabatar da wuta take aiki, dole dai a gyara ta, kuma ka bar kwayil mai ohm 5. Mai ohm 3 tana jan wuta fiye da abin da cajin wannan babur ke mayarwa a tafiyar cikin gari.

Yanzu kafireto. Abu na farko da za ka riƙe: kafireto irin wannan bai san juyin inji ba, inda totur yake ya sani. Daga rufe zuwa kashi ɗaya cikin takwas, silo jet da sukurun iska ne ke mulki. Daga nan zuwa rubu'i, yankan da ke gindin silaid. Daga rubu'i zuwa kashi uku cikin huɗu, allura da ramin da take shiga. Babban jet sai daga nan zuwa ƙarshe. Manna salatif a kan robar totur, ka ja layuka a rufe, rubu'i, rabi, uku cikin huɗu, da buɗe duka, da layi ɗaya a jikin maɓalli. Hau ka duba a kan wane layi nauyin ke zuwa. Mafi yawan masu cewa "tsakiya" suna kan rubu'i zuwa rabi ne, inda babban jet kusan ba shi da ta cewa. Shi ya sa 130 bai yi maka komai ba. Illa ma ya yi: injinan CB750 irin naka na farkon shekarun 1970 sun fito da babban jet tsakanin 105 da 120 gwargwadon shekara, kuma daga 110 zuwa 130 filin da mai ke bi a ramin ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100.

Sannan ka tantance ko mai ne ya yi kaɗan ko yawa ya yi, domin a kan sirdi sukan yi kama. Ƙarancin mai: babur yana yin shiru na ɗan lokaci kamar an riƙe shi, yana tari ta kafireto, ya fi muni da safe inji na sanyi, kuma idan ka ɗaga cok kaɗan a daidai wurin sai ya farfaɗo. Yawan mai: ƙarar inji tana yin kauri tana ɓarɓarwa, ya fi muni idan ya yi zafi, cok yana ƙara kashe shi, fulogi baƙi ƙirin da toka busasshiya. Idan za ka karanta fulogi, riƙe totur a kan layin da ake zargi na kusan minti ɗaya da sababbin fulogi, ka kama kuloci ka kashe inji a lokaci ɗaya, ka gangara gefe ka cire. Wanda ya dawo gida a silo sannan ya cire, labarin silo kawai zai karanta.

Tsabta kafin saiti. Cire kwanon mai, kwance babban jet tare da bututun da yake ɗaure a kai. A jikin bututun akwai ƙananan ramuka a jere, ta nan iska ke shiga ta gauraya da mai kafin ya hau wajen allura. Idan suka toshe da dattin tsohon fetur, mai yana fita a dunƙule, tsakiya ta yi nauyi, kuma wannan na cikin abubuwan da suka fi jawo irin ƙorafinka. Silo jet lamba 40 ne, raminsa bai wuce milimita 0.4 ba, shi ma yana da ramuka a gefe. Yi amfani da silin wayar tagulla guda ɗaya da feshin wanke kafireto da iska. Allurar ɗinki ko ƙarfe mai tauri faɗaɗa ramin za su yi, kuma ba ya komawa. Tsayin fulot milimita 26 ne daga inda gasket ke zama, ana aunawa lokacin da harshen fulot ya taɓa ɗan tsinken bawul ɗin mai bai danna shi ba. Tabbatar da aikin da tiyo mai gani-gari da aka haɗa a ramin zubar da mai aka lanƙwasa sama: mai ya tsaya milimita 3 zuwa 4 ƙasa da bakin kwano, duka huɗun daidai.

Ina jan kunne a kan kayan gyara na cikin leda. Robobi da gasket ɗinsu a yi amfani da su, amma allura da jet na tagulla da ke ciki sau da yawa siffarsu ba ta zo daidai da ta Keihin ba, ko da lambar da aka buga iri ɗaya ce. Bambancin kaurin allura da ido ba ya gani ya isa ya ɓata rubu'in totur. Idan na asali suna nan, ba su lanƙwashe ba, ba su ci ba, a wanke a mayar. Duba ramin da allura ke shiga da haske. In ya zama kamar ƙwai saboda gogar shekaru, zai riƙa ba da mai fiye da ƙima duk inda ka sa kilif ɗin da ke riƙe allura.

Robobin da ke haɗa kafireto da kan silinda sukan bushe su yi tauri kamar katako, iska ta riƙa satar hanya. Inji na silo, fesa ɗan feshin kafireto a mahaɗin kowace, nesa da salansa mai zafi, da abin kashe gobara a kusa. In juyi ya canza, akwai yoyo. Sauya duka huɗun, ka lura kowace da lambar silindarta.

Allurar tana da tsaga biyar. Sauke kilif ƙasa yana ɗaga allura, mai ya ƙaru. Ɗaga shi sama yana rage mai. Rubuta inda ka same shi, ka motsa tsaga ɗaya kawai. Idan tsaga ɗaya ta yi yawa, wosha mai kaurin milimita 0.5 a ƙarƙashin kilif rabin mataki ce. A kan kafireton 1973 sai an kwance hannun da ke ɗaga silaid kafin a kai ga allura, saboda haka duk lokacin da aka taɓa ta sai an sake daidaita kafireto huɗun da gejin zuƙa guda huɗu, tazararsu kada ta wuce santimita 3 na ma'aunin zaiba, silo wajen juyi 1,000, da fanka tana hura inji. Sukurun iska a fara da zagaye ɗaya daga rufe. Fitar da shi ƙara iska ne. Kuma waɗannan kafireto ba su da famfon da ke watsa mai idan an fizgi totur, sai a ƙirar 1977 Honda ta sa shi. Fizgar totur gaba ɗaya a juyi 3,000 dole ya sa inji ya yi jim, domin zuƙa ta faɗi kafin mai ya taso. Ana murɗa shi ne a bi juyi.

Ga inda gizo ke saƙa: akwatin iska. Shawarata kai tsaye, nemo shi ka mayar. Robobin da suka shiga cikinsa ba mahaɗi ba ne kawai, bakinsu a buɗe yake kamar kakaki, suna ƙara wa hanyar shiga tsawo suna miƙar da iska kafin ta isa bakin kafireto. Doguwar hanya tana sa bugun iskar da ke kai da komo ya dawo wajen bawul a daidai juyin tsakiya. Akwatin kuma yana riƙe iska a natse, yana kawo ɗan jan da aka auna allura da jet a kansa tun daga masana'anta. Ƙananan matatun nan suna gajarta hanya, suna rage jan mai a rubu'in totur, iskar gefe da gwiwar mahayi suna taɓa na 1 da na 4 ba kamar na 2 da na 3 ba, ga ruwan sama. Masu araha ma bakin robarsu yakan rufe ƙananan ramukan iska da ke bakin kafireto. Ga wanda ke hawa a ƙasar da ƙurar hunturu ke sauka wata da watanni, akwai ƙarin dalili: ragar waya ba ta tare wannan ƙura, kuma ringi da bangon silinda ne ke biyan kuɗin. Da akwati da sabuwar matata, koma jet 110, silo 40, sukuru zagaye ɗaya, ka gwada daga nan.

In akwatin ya gagara samu, nemi matata ta soso da ake shafa wa mai, mafi tsawo da za ta shiga, wadda cikin wuyanta yake sumul ba tudu. Fara da jet 115 ko 120, ɗaga allura tsaga ɗaya. Zai yi kyau fiye da yanzu, amma ba zai kai na akwati santsi ba.

Salansa kuma ana yawan cewa inji na son a ɗan toshe shi. Maganar ba haka take ba. Duk lokacin da bawul na fita ya buɗe, bugun matsi yana bin bututu da gudun da ya kai mita 500 a daƙiƙa, in ya isa inda bututu ya buɗe sai ya dawo a matsayin zuƙa. Akwai ɗan lokaci a saman fistin da bawul biyu suke buɗe tare. Idan zuƙar ta iso a lokacin, tana janye ragowar hayaƙi ta jawo sabon mai. A wani juyin kuma, matsi ne ke isowa maimakon zuƙa, ya tura hayaƙi baya har cikin kafireto. Iskar da aka tura baya ta bi ta kan jet ta ɗebi mai, ta dawo ta sake ɗiba. Sakamakon shi ne mai ya yi yawa a wannan juyin kaɗai, ko da sama tana neman ƙari. Salansa huɗu-cikin-ɗaya marar komai a ciki tana yin wannan da ƙarfi, kuma a irin wannan inji ramin yakan faɗo ne a yankin da ka ambata. Alamarsa: totur a buɗe duka, inji ya ɓarɓare a 4,000, ya washe da kansa a 5,500, kuma idan aka cire matata za a ga hazon fetur a bakin kafireto. Wannan jet ba ya maganinsa. Ka rage don tsakiya sama ta bushe, ka ƙara don sama tsakiya ta nutse.

Maganin a salansar yake. Sa mata bututu mai huji-huji a ciki, faɗin milimita 35 zuwa 40, a naɗe da audugar gilashi, zai tausasa bugun da ke dawowa. Bututun da ke fitowa daga kan silinda kada cikinsu ya wuce milimita 32 zuwa 35. Irin da ke haɗa biyu-biyu kafin su zama ɗaya ta fi shimfiɗa ƙarfi, kuma ta asali mai bututu huɗu, HM341, tana da wuyar dokewa a tsakiya idan ba ta ruɓe ba. Sauya zoben tagulla na bakin salansa duk lokacin da aka kwance.

Yanayi ma yana shiga lissafi. Iska a zafin digiri 40 ta fi ta digiri 15 sauƙi da kusan kashi 8 cikin 100, kuma kowace mita 1,000 ta tudu tana rage kusan kashi 10. Babur a Kano cikin watan Afrilu, ko a Jos da ta haura mita 1,200, yana samun mai fiye da yadda aka auna shi. Lambobin jet da mahaya ƙasashen sanyi ke ambata sukan yi yawa a nan da mataki ɗaya. Duk da haka inji mai sanyaya da iska gara ya ɗan karkata wajen yawan mai. Idan akwai mai na'urar auna hayaƙi, nemi iska 12.8 zuwa 13.2 a kan mai 1 a cikakken totur, 13.5 zuwa 14 a tafiyar rubu'i.

Akwai gyara mai arha da ake ji nan take. Sifaket na wannan shekara haƙora 18 ne a gaba, 48 a baya, sarƙa 530. Mayar da na gaba 17 yana ƙara jan tayar baya da kusan kashi 6 cikin 100 a kowace giya. A giya ta biyar kilomita 100 za ta tashi daga wajen juyi 4,000 zuwa 4,250. Inji bai ƙara ƙarfi ba, amma wuce mota ya yi sauƙi. In ka yi wannan, sake ɗaukar ma'auninka daga farko, kada ka haɗa sakamakonsa da na kafireto.

Idan duk wannan ya kammala kana son ƙari, ko gwajin matsi ya nuna dole a buɗe inji, to hanyar ƙarfin tsakiya ita ce ƙara girman silinda. Fistin na asali milimita 61 ne, tafiyarsa 63, jimla cc 736. Fistin mai 65 yana kai shi 836, ƙarin kusan kashi 14 cikin 100, kuma da kafireto da bawul na asali iskar tana ƙara sauri, ƙarfin ya sauko ƙasa inda kake so. Da yawa daga waɗannan fistin suna zuwa da matsi sama da 10 a kan 1, alhali na asali 9 ne. Don zafi da fetur na gidan mai, zaɓi mai kusa da 9 ko 9.5. A wannan babur murfin kam ba ya fita sai an sauke inji daga firam, don haka a yi komai a buɗewa ɗaya: sabuwar sarƙar kam da robobin ɗame ta, robobi shida da ke ƙarƙashin mazaunin kam waɗanda ke yoyon mai, hatimin bawul, da gyaran mazaunin bawul mai kusurwa uku. Ramin shiga a goge tudun da ke bayan mazaunin bawul kawai, kada a faɗaɗa shi, kada a yi masa ƙyalli.

Kam na asali yana riƙe bawul a buɗe kusan digiri 220 idan aka auna daga ɗagawar milimita 1, kuma don tsakiya shi ne abokin tafiya. Mai digiri 250 zuwa sama yana rufe bawul na shiga a makare, fistin ya riƙa mayar da abin da ya zuƙa a juyin ƙasa. Abin da ya fi amfani shi ne a auna kam ɗin da faifan digiri da gejin agogo. Idan an taɓa share fuskar kan silinda ko an sa gasket siriri, tazarar karanshaf da kam ta ragu, kam ya makara ba tare da kowa ya sani ba. A tsawaita ramukan sifaket ɗin kam, a dawo da shi daidai, ko a gabatar da shi digiri 2 zuwa 3, wanda ke rufe bawul na shiga da wuri ya ƙara matsi a tsakiya, a rasa kaɗan a can sama. Gabatarwar tana kusanto da bawul na shiga ga fistin, don haka a sa yumɓun wasan yara a kan fistin, a ɗaure, a juya inji da hannu zagaye biyu, a buɗe a yanka a auna: aƙalla milimita 1 a na shiga, 1.5 a na fita. Sukurun sifaket ɗin a sa musu gam ɗin ɗaure zare kafin a rufe murfi.